Filin Tambaya da Amsa: Fitattun Mutanen Manchester, Birnin Auduga

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan karo da yawansu sun karkata ne ga birni guda, wato Manchester da ke arewacin Ingila, saboda haka muka ware filin wannan fitowa gaba ɗaya domin amsa su. Kamar yadda muka saba, mun taƙaita tambayoyin, kuma garin mai tambaya kaɗai muka ambata.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyya ne, kuma ban san Manchester da komai ba sai ƙwallo. Kwanan nan malaminmu ya ce rabin abin da ke cikin littattafanmu na kimiyya daga can ya fito. Da gaske ne, ko zuzutawa ce? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Rabi dai ya yi yawa, ɗana, amma malaminku bai yi nisa da gaskiya ba. Kafin a zo kan mutanen, ya kamata a san abin da ya tara su, kuma abin nan shi ne auduga. A ƙarni na 19 babu inda ake kaɗi da saƙa da injina a duniya kamar Manchester da garuruwan da ke kewaye da ita a yankin Lancashire, domin suna da gawayin kwal a kusa, ga danshin iska da ke hana zare tsinkewa, ga kuma tashar jiragen ruwa ta Liverpool da ake sauke audugar. A shekarar 1830 aka buɗe layin dogo tsakanin biranen biyu, sannan a 1894 aka kammala haƙa mashigin ruwa mai tsawon kilomita 58 wanda ya ba manyan jiragen ruwa damar shigowa har cikin gari. Masu masaƙu suna bukatar wanda ya san sinadarin rini da wanda ya san sirrin injin tururi, don haka suka zuba dukiya a kan ilimi. Kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Manchester ma da wasiyyar wani attajirin yadi, John Owens, aka buɗe ta a 1851.

Na farko da za ka riƙe shi ne John Dalton, ɗan wani masaƙi daga ƙauye a yankin Cumberland, wanda ya zo Manchester koyarwa a 1793. Shi ne ya kafa bayanin cewa kowane sinadari yana da irin tasa ƙwayar zarra mai nauyinta na daban, kuma haɗuwar waɗannan ƙwayoyi bisa ƙayyadadden lissafi ita ce ke samar da sauran abubuwa. Ya buga wannan bayani a littafi a 1808. Da ya rasu a 1844, kimanin mutum 40,000 ne suka bi layi suka wuce ta gaban gawarsa, abin da ba kasafai ake yi wa malamin makaranta ba. Almajirinsa James Joule, haifaffen Salford da ke tsallaken kogi, shi ne ya nuna cewa motsi yana komawa zafi bisa awo tabbatacce, ta hanyar juya ruwa da filafilai yana auna yadda ɗuminsa ke ƙaruwa. Sunansa ne ma'aunin makamashi da kuke rubutawa a jarrabawa.

Sai Ernest Rutherford, mutumin New Zealand, wanda ya karɓi kujerar farfesa a 1907. A ɗakin bincikensa ne mataimakansa Hans Geiger da Ernest Marsden suka riƙa harba wasu ƙananan ƙwayoyi kan siririyar fallen zinariya a 1909, suka ga mafi yawansu sun ratsa sun wuce, amma kaɗan sun dawo da baya. Daga nan Rutherford ya gano a 1911 cewa kusan dukkan nauyin ƙwayar zarra yana dunƙule ne a wata 'yar cibiya a tsakiyarta, sauran kuwa fili ne fetal, kamar ƙwayar gero guda a tsakiyar filin Idi. Niels Bohr na ƙasar Denmark ya zo wajensa a 1912, ya ɗora nasa aikin a kan wannan.

A fannin kwamfuta akwai ruɗani da ya kamata a gyara. Na'urar da ta fara aiki da umarnin da aka adana a cikin ƙwaƙwalwarta ta lantarki ta tashi ne a Jami'ar Manchester ranar 21 ga Yuni, 1948, kuma Frederic Williams da Tom Kilburn ne suka jagoranci ƙera ta. Mutane da yawa suna jingina ta ga Alan Turing, masanin lissafin nan da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, alhali shi sai a ƙarshen wannan shekara ya iso. Daga cikin abin da ya yi a can akwai rubuta maƙalarsa ta 1950 kan ko na'ura za ta iya tunani, tambayar da yau ta dawo bakin kowa. Na baya-bayan nan su ne Andre Geim da Konstantin Novoselov, waɗanda a 2004 suka yi amfani da salatif suka riƙa ɓare irin baƙin da ke cikin fensir har suka samu falle mai kaurin ƙwayar zarra guda, aka ba su kyautar Nobel a 2010. Dukansu biyu a Rasha aka haife su. Idan ka lura, tun daga Dalton har zuwa kansu, mafi yawan waɗannan mutane baƙi ne da aiki ya kawo.

Tambaya: Mahaifina ya kan ce a zamaninsu yadi mai daraja da atamfa 'yar Ingila daga Manchester ake kawo su. Shin akwai wata alaƙa ta tarihi tsakanin birnin da Kano, ko ciniki ne kawai? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano.

Amsa: Alhaji, alaƙar ta wuce saye da sayarwa. Turawan da suka ziyarci Kano a ƙarni na 19 sun tarar da masaƙa da marina da mabuga da ke tufatar da mutane har Agadas da Tumbuktu, shi ya sa wasunsu suka riƙa kiranta Manchester ta Afirka. Kishiya suka gani, kuma kasuwarta suke hange.

Audugar da masaƙun Manchester ke ci mafi yawanta daga jihohin kudu na ƙasar Amurka take zuwa, inda bayi baƙar fata ke noma ta. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, hanyar ta toshe, masaƙu suka rufe, dubban iyalai suka shiga yunwa. Duk da haka, a ranar ƙarshe ta shekarar 1862 ma'aikata suka yi taro a Manchester suka aika wa Shugaba Abraham Lincoln wasiƙar goyon baya kan 'yanta bayi, shi kuma ya ba su amsa a Janairun 1863. Gunkinsa yana tsaye a tsakiyar birnin har yanzu. Su kuwa masu masaƙu darasin da suka ɗauka daban ne, wato kada su sake dogara ga ƙasa guda. A 1902 aka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya a Manchester, ƙarƙashin jagorancin Sir Alfred Jones, mai kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, kuma Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ta fi sa wa rai. Begen auduga yana cikin manyan hujjojin da aka kafa wajen shimfiɗa layin dogon da ya iso Kano a 1911, kuma ƙungiyar ta kafa injinan gurza a Zariya, daga baya a Funtuwa da Gusau da wasu garuruwa.

Sai dai manoman ƙasar Kano sun yi nasu lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da farashin da Bature ya yanka, gyaɗa kuwa ta fi kawo riba, ga shi idan kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Daga 1912 gyaɗa ce ta cika tashar jirgin Kano, har aka rasa taragun da za su kwashe ta. A ganina wannan na cikin wuraren da talakan Arewa ya fi masu tsara mulkin mallaka iya lissafi.

Akwai kuma sunan da kowane ɗan kasuwa ya sani, wato PZ. Haruffan nan biyu sunayen George Paterson ne, mutumin Scotland, da George Zochonis, Bagirke, waɗanda suka fara ciniki a Saliyo, suka mai da Manchester hedikwatarsu, suka shigo Najeriya a 1899. Ita kuwa atamfar ABC, an daɗe ana buga ta a garin Hyde da ke gefen Manchester kafin a mayar da aikin ƙasar Gana.

Tambaya: Na tsufa ina jin ana cewa a Manchester aka ƙulla 'yancin kan Gana. Ina son ƙarin bayani. Daga wani dattijo, tsohon malamin makaranta a zangon Kumasi.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Gwagwarmayar ta girmi taron Manchester, domin tun a 1920 su Casely Hayford suka kafa ƙungiyar neman haƙƙin mutanen Afirka ta Yamma a Accra. Amma gaskiya ne cewa taron haɗin kan baƙar fata karo na biyar, wanda aka yi daga 15 zuwa 21 ga Oktoban 1945 a zauren unguwar Chorlton-on-Medlock, ya sauya salon maganar. Tarukan da suka gabace shi na 'yan boko ne, galibi daga Amurka da tsibiran Karebiyan, masu rubuta takardun roƙo ga gwamnatocin Turai. A wannan karo shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago da na manoma da ɗalibai daga Afirka ne suka cika zauren, kuma abin da suka nema shi ne mulkin kai, tare da bayyana yajin aiki da ƙaurace wa kaya a matsayin makamansu.

George Padmore na Trinidad shi ne ƙashin bayan shirin, Kwame Nkrumah, wanda bai daɗe da isowa daga Amurka ba, yana taya shi aikin sakatare. W. E. B. Du Bois, mai shekara 77 a lokacin, shi ne uban taro, Amy Ashwood Garvey kuma ta jagoranci zaman farko. Jomo Kenyatta na Kenya da Hastings Banda na ƙasar da ta zama Malawi suna wurin, haka nan Obafemi Awolowo da Jaja Wachuku daga Najeriya. Jaridun Birtaniya ba su ba taron wani muhimmanci ba, amma cikin shekara ashirin uku daga cikin mahalartan suna mulkin ƙasashensu: Gana ta samu 'yanci a 1957, Kenya a 1963, Malawi a 1964.

Mutumin da tarihi ya fi yi wa rowa a nan shi ne T. Ras Makonnen, haifaffen Guyana, wanda ya ɗauki sunan Habashawa saboda kishin ƙasar bayan Italiya ta mamaye ta. Yana da gidajen abinci a Manchester, kuma da ribarsu da sanayyar da yake da ita a gari aka ciyar da wakilai aka sama musu masauki, a zamanin da masu otal da yawa ba sa karɓar baƙin mutum. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka yi taron a can maimakon Landan. Ana yawan tuna masu jawabi a manta da mai tukunya.

Tunda daga Gana kake, Baba, ga wani da ya kamata a ambata. Arthur Lewis, ɗan tsibirin Saint Lucia, ya zama farfesan tattalin arziki a Jami'ar Manchester a 1948 yana da shekara 33, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya hau irin wannan kujera a Birtaniya. A can ya rubuta maƙalarsa ta 1954 wadda ta bayyana yadda ƙasa matalauciya za ta iya bunƙasa idan rarar ma'aikatan karkara suka koma masana'antu, muddin masu jari suna mayar da ribar cikin aiki. Nkrumah ya ɗauke shi mai ba da shawara a 1957, amma zaman bai yi tsawo ba, domin Lewis yana ganin ana kashe kuɗin ƙasa a kan ayyukan burga, shi kuwa Nkrumah yana ganin ɗan siyasa ba zai iya jiran lissafin malamai ba. An ba Lewis kyautar Nobel a 1979.

Tambaya: Duk lokacin da ake lissafa manyan mutane sai a kawo maza zalla. Babu mace ko ɗaya da ta yi suna a wannan birni? Daga wata malamar asibiti a Maraɗi.

Amsa: Akwai, Malama, kuma ita haifaffiyar garin ce. An haifi Emmeline Pankhurst a unguwar Moss Side a 1858. Bayan rasuwar mijinta a 1898 ta yi aikin rajistar haihuwa da mutuwa, inda ta riƙa ganin halin da matan talakawa ke ciki, su da suka fi yawa a cikin masaƙu amma ba su da bakin magana a kan dokokin da ke mulkinsu. A Oktoban 1903 ta tara wasu mata a falon gidanta da ke titin Nelson suka kafa ƙungiyar neman wa mata 'yancin jefa ƙuri'a. A 1905 aka kama 'yarta Christabel tare da Annie Kenney, wadda ta tashi tana aikin masaƙa, bayan sun katse jawabin manyan 'yan siyasa a Manchester, suka zaɓi gidan yari a kan biyan tara. Daga nan abin ya yi tsanani, aka shiga fasa gilasan shaguna da ƙona gine-gine, waɗanda aka ɗaure kuma suka riƙa ƙin cin abinci ana yi musu ɗura da ƙarfi. Har yau masana tarihi suna saɓani kan ko wannan zafin ya gaggauta nasara ko ya jinkirta ta. A 1918 aka ba matan da suka haura shekara 30 ƙuri'a bisa wasu sharuɗɗan mallaka, sannan a 1928 aka daidaita su da maza, makonni kaɗan bayan rasuwar Emmeline.

Wata 'yar tata, Sylvia, ita ce ta fi kusa da mu. Lokacin da Italiya ta auka wa Habasha a 1935, ta tsaya kai da fata wajen kare ƙasar, har ta kafa jarida a 1936 domin wannan aiki. Ta koma Addis Ababa da zama a 1956 bisa gayyatar Sarki Haile Selassie, ta rasu a can a 1960, aka yi mata jana'izar ƙasa.

Tambaya: Gaskiya ne Karl Marx ɗan Manchester ne? Daga wani ɗan ƙungiyar ƙwadago a Kaduna.

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Marx Bajamushe ne, kuma a Landan ya yi zaman gudun hijira. Abokinsa Friedrich Engels ne ya zauna a Manchester. Mahaifinsa ya turo shi a 1842 domin ya yi aiki a masana'antar zaren da suke da hannun jari a ciki, shi kuwa ya riƙa zagaya unguwannin ma'aikata tare da wata 'yar Ireland mai suna Mary Burns, ya rubuta littafi a 1845 kan ƙazanta da cunkoso da mutuwar yara da ya gani. Ya dawo a 1850 ya yi kusan shekara ashirin yana aikin kamfanin, kuma daga abin da yake samu ne yake aika wa Marx kuɗin cefane da na haya. Ke nan ribar auduga ce ta ɗauki nauyin rubutun da ya fi kowane sukar masu jari. Teburin da su biyun suka yi karatu a kai a 1845 yana nan a ɗakin karatu na Chetham. Tunda kai ɗan ƙwadago ne, ka ƙara da cewa a Manchester aka yi taron farko na haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadagon Birtaniya a 1868.

Tambaya: Na ji wani mai sharhi a rediyo yana cewa matsalar Falasɗinu tana da tushe a Manchester. Ta yaya? Daga wani mai sauraro a Garwa, Kamaru.

Amsa: Malam, mai sharhin yana nufin Chaim Weizmann ne, Bayahude haifaffen daular Rasha, wanda ya zo Jami'ar Manchester koyar da kimiyyar sinadarai a 1904, kuma yana cikin jagororin masu neman kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu. A Janairun 1906 ya gana da Arthur Balfour, tsohon firaminista, wanda ke yaƙin neman zaɓe a mazaɓarsa ta gabashin Manchester. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo, hanyar da Weizmann ya gano ta samar da wani sinadarin haɗa albarushi daga masara ta sa gwamnati ta bukace shi, editan jaridar Manchester Guardian, C. P. Scott, kuma ya haɗa shi da David Lloyd George, wanda shi ma a Manchester aka haife shi, kuma ya zama firaminista a ƙarshen 1916. Ranar 2 ga Nuwamban 1917 Balfour, a matsayin ministan harkokin waje, ya sa hannu kan wasiƙar da ta yi alkawarin goyon bayan kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, ba tare da an tuntuɓi Larabawan da suka fi rinjaye a ƙasar nesa ba kusa ba. A Landan aka yanke shawarar, kuma bukatun Birtaniya na yaƙi da na tsaron mashigin Suez sun yi nauyi a cikinta, amma sanayyar da ta buɗe ƙofofin a Manchester aka ƙulla ta. Weizmann ya zama shugaban Isra'ila na farko a 1949.

Tambaya: Muna gardama a majalisarmu: a cikin manyan Manchester United, wane ne ainihin ɗan garin? Abokina ya ce Paul Scholes, ni na ce Sir Alex Ferguson. Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Kai dai ka faɗi, samari, domin Ferguson mutumin Glasgow ne a Scotland, ya zo a 1986 ya tafi a 2013 bayan ya ci kofin gasar Ingila sau 13. Sir Matt Busby, wanda ya sake gina ƙungiyar bayan haɗarin jirgin sama na Munich a Fabrairun 1958, inda mutum 23 suka rasu ciki har da 'yan wasa takwas, shi ma ɗan Scotland ne, kuma a zamanin wasansa Manchester City da Liverpool ya buga wa. Bobby Charlton daga arewa maso gabashin Ingila ya fito, George Best daga Belfast, David Beckham daga Landan. Ƙungiyar kanta ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa ta a 1878 da sunan Newton Heath, kuma filin Old Trafford yana wajen iyakar hukumar birnin ne.

Cikakkun 'yan gari su ne irin su Nobby Stiles na unguwar Collyhurst, wanda ya ci kofin duniya a 1966 da kofin Turai a 1968, da Nicky Butt na Gorton, da Marcus Rashford wanda ya tashi a Wythenshawe. Shi Rashford ya taso yana cin abincin kyauta na makaranta, kuma a Yunin 2020 ya rubuta wa 'yan majalisa buɗaɗɗiyar wasiƙa wadda ta sa gwamnati ta janye shirinta na dakatar da tallafin abincin yara sama da miliyan ɗaya a lokacin hutu. Abokinka ya fi ka kusa, amma shi ma bai ci duka ba, domin a Salford aka haifi Scholes, kuma mutanen Salford ba sa yarda a ce musu 'yan Manchester.